Jan Fenti Ba Ya Jan Mota

Jawabin da wani dattijon dillalin motoci na Zangon Kwatano ya gabatar a filinmu na kasuwa da hanya. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

Ina gaida na kasuwa da na tasha. Ina gaida makiyaya da ke ruga, rediyo rataye a kafaɗa. Ina gaida direbobi da 'yan kamasho da masu jiran layi a bakin iyaka, tun daga Seme har Malanville da Gaya, daga Kamba har Illela da Birnin Konni. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kai matafiyi gida lafiya.

Yau maganar mota na zo da ita, mota guda ɗaya tak, ja, buɗaɗɗiya, ƙirar Ingila. Na san da yawanku za su ce, mu da muke neman motar da za ta ɗauki buhun masara da raguna, ina ruwanmu da motar gayu? To ku yi haƙuri ku saurara, domin motar nan ta kusa cinye garken wani bawan Allah, kuma abin da ya kusa faruwa da shi yana iya faruwa da kowa a kan kowace irin haja.

Na shekara fiye da talatin ina cin abinci a harkar mota a nan Kwatano. Na fara da wankin motoci a bakin tashar jiragen ruwa, na yi yaron bakanike, na yi direban kora mota zuwa arewa, kafin na zama dillali. Don haka abin da zan faɗa na gan shi da idona, na taɓa shi da hannuna.

Yadda maganar ta zo mini

Wata rana bayan la'asar ina zaune wurin mai shayi a Jonke, nan kusa da 'yan canji, sai ga wani saurayi ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗan wani aminina ne, Bafulatanin wajen Gogounou, mutumin da muka daɗe muna hulɗa tun lokacin da nake bin hanyar Kandi. Uban ya rasu, yaron ne babba, garke yana hannunsa. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida da shanu, sai ya ciro waya, ya ce, "Kawu, na zo ka sa mini albarka, na yi babban kamu."

Na karɓi waya na duba. Kai jama'a! Mota ce ja wur kamar gauta, ba rufi, kujeru baƙaƙe, bamba tana ƙyalli kamar azurfa. Na ce, "Ɗana, wannan ta wace ce?" Ya ce ai tasa ce in Allah ya yarda. Wani dillali ne ya nuna masa ita a wani gareji da ke bayan tasha, ya ce masa tsohuwar motar Turawa ce da aka gyara ta koma sabuwa, irinta ta ƙare a duniya, kuɗinta miliyan tara na sefa, kuma in ya riƙe ta wata shida kawai Turawa za su zo su saya ninki uku.

Na ce, "Ka biya?" Ya ce ya sayar da bijimai shida a kasuwar Gogounou, ya ba da jikka ɗari biyar kafin alƙalami, sauran kuɗin suna ɗaure a ƙugunsa. Cikon kuwa sai ya koma gida ya ƙara fitar da wasu, kuma a cikin waɗanda za a fitar har da shanun mahaifiyarsa da na ƙannensa mata.

Nan shayin ya fita raina. Na ce masa albarka tana nan, amma ba a cinikin biri a sama. Gobe da safe mu je in gani.

Wace irin mota ce?

Da muka je aka yaye tamfol, na gane ta nan take. MG ce, samfurin da ake kira MGB, ta shekarar 1973. Bari in ba ku tarihinta a taƙaice, don sanin asalin haja rabin ciniki ne.

An ƙera irin wannan mota a wani gari mai suna Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, daga 1962 zuwa 1980, shekarar da aka rufe masana'antar. Injinta silinda huɗu ne, girmansa 1798, yana da kafireto biyu. Kujera biyu gare ta, ta direba da ta mutum ɗaya. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya in ana son shan iska. Waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1974 bambarsu ta ƙarfe ce mai ƙyalli, na bayansu kuma aka sa musu baƙar bamba ta roba saboda dokar Amurka, don can aka fi kai su. Sunan MG yana nan har yau a jikin sababbin motoci, amma yanzu kamfanin SAIC na ƙasar Sin ne ke da shi, kuma ba abin da ya haɗa motocin yau da wannan sai suna.

To ga inda maganar dillali ta fara karyewa. Ya ce irinta ta ƙare a duniya. Jama'a, fiye da 500,000 aka ƙera. Dubbai suna nan suna yawo a Ingila da Amurka da Jamus da Holan. Masu sonta suna da ƙungiyoyi, akwai shagunan da ba abin da suke sayarwa sai kayan gyaranta, har ma akwai wani kamfani a Ingila, British Motor Heritage, da yake buga sabon gangar jikinta tun 1988. Abin da ake iya buga masa sabon jiki ai bai ƙare ba.

"An gyara" kala uku ne

Ku makiyaya kun fi ni sanin wannan. Akwai saniyar da aka yi kiwonta da gaske, ta ci ciyawa da dusa da kanwa wata da watanni har ta yi nama. Akwai kuma wadda aka ba gishiri da dare, da asuba aka ɗura mata ruwa, ta shigo kasuwa ciki ya cika taf. Daga nesa duk ɗaya suke. Sai wanda ya sa hannu ya taɓa ƙugu, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya duba ido da hanci da kofato, shi ke rarrabewa. Mota ma haka take. In dillali ya ce maka "an gyara", tambaye shi wane irin gyara.

Na farko shi ne gyaran ido. A wanke, a cike ramuka da fila, a fesa fenti, a ɗinka sabuwar rigar kujera, a shafa wa taya mai. Kwana goma ya isa.

Na biyu gyaran tafiya. A duba inji da giya da birki da lagireto da waya, a canza abin da ya mutu, motar ta tashi ta yi tafiya lafiya ko da jikinta bai yi kyau ba. Wannan shi ne gyaran da mai neman abinci yake buƙata.

Na uku gyaran asali. A kwance mota kaf har sai ƙarfe tsirara ya rage, a yanke duk inda tsatsa ta ci, a yi waldar sabon ƙarfe, a sake haɗa ta kusa bayan kusa. Wannan yana cin shekara ko fiye, kuma sau da yawa kuɗin da aka kashe ya fi kuɗin da za a sayar da motar. Wanda ya yi irin wannan aiki ba ya rasa shaida: za ka tarar da hotunan aikin tun daga farko, da rasiɗan kayan da aka saya, fayil guda.

Masifar kasuwa ita ce a yi gyara na farko a nemi kuɗin na uku.

Abin da mayen ƙarfe ya faɗa

Na zo da kayan aikina, kuma ba wasu kayan kirki ba ne: tocila, da tabarmar da zan kwanta a kai, da mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar lasifikar rediyo na naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Mayen ƙarfe ƙarfe yake kamawa. Ba ya kama fila, ba ya jin Faransanci, ba ya karɓar la'ada.

Na fara da inji, kuma zan faɗi gaskiya, injin yana da lafiya. Na taɓa shi da sanyinsa kafin a tayar, don in ka zo ka tarar an riga an ɗuma inji, akwai abin da ake ɓoye maka. Bugu biyu ya tashi. Ba shuɗin hayaƙi a salansa, baƙin mai bai gauraya da ruwa ba, giya tana shiga sumul. Yaro ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Kawu, ka ji ko?" Na ce na ji, saura in gani.

Ga abin da ya kamata ku sani game da irin wannan mota. Tsohuwar Landiroba ko a-kori-kura tana da shasi, wato ƙashin baya na ƙarfe daban, jiki kuma a ɗora a kai. MGB ba ta da wannan. Jikinta shi ne ƙashinta. Tun da kuma ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe ta daga sama, duk ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, inda mutum yake tsallakawa ya shiga. In suka ruɓe, motar ta zama kamar raƙumin da bayansa ya karye.

Na ɗora mayen ƙarfe a bonet, ya kama. Na ɗora a ƙofa, ya kama. Na sauko da shi ƙarƙashin ƙofar direba, sai ya faɗi ƙasa tim. Na sake, ya sake faɗuwa. Na miƙa wa yaron na ce ya gwada da hannunsa. Tun daga bayan tayar gaba har kusa da ta baya, babu inda ya kama. Na ƙwanƙwasa da yatsa, sautin kamar na busasshiyar ƙwarya.

Na ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wajen ƙafar direba, na haska tocila, sai ga ƙasar gareji ina hangowa ta wani rami da aka lulluɓe da falle na kwano da baƙin kwalta. Na buɗe murfin da ke bayan kujeru, inda ake ajiye batir biyu na irin wannan samfuri, wurin ya zama gari-gari. Sannan na ce a sa jak a ɗaga gefe guda. Da aka ɗaga, ƙofar da ɗazu take rufuwa da yatsa ɗaya ta ƙi buɗuwa sai da aka sa kafaɗa. Ma'ana jikin motar yana lanƙwasa.

Wannan ba abin mamaki ba ne. A ƙasashen Turai gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan yana shiga lungunan mota yana ci. Ta zo nan kuma ta zauna a bakin teku, iskar Kwatano da kanta gishiri ce. Mota mai shekara fiye da hamsin ta sha wannan, sannan aka rufe da jan fenti.

Takarda da iyaka

Sai na ce a kawo takardu. Aka ɗan yi jim, aka shiga ciki, aka fito da wata jaka. Lambar jikin motar, wadda a irin wannan samfuri take farawa da GHN, ta dace da ta takarda, wannan na yaba. Amma takardun na wucewa ne, wato motar ta sauka a tashar Kwatano a matsayin kayan da za su zarce wata ƙasa. Ba a biya mata kuɗin duwan na zama a Benin ba. Kenan miliyan taran nan somin-taɓi ne. Wanda ya saya shi zai ji da duwan, da rajista, da inshora.

Ku da kuke harkar iyaka kun san yadda hanyar motocin nan take. Ana tara su a Turai, musamman a unguwar Heyvaert da ke Brussels, a loda su a jirgi a tashar Antwerp, shi ya sa har yau muke ce musu Baljiyam. A sauke su a Kwatano, a jera su a filayen Sekanji da ke kan hanyar Seme, daga nan wasu su kama hanyar Bohicon, Parakou, Kandi, Malanville, fiye da kilomita 700, su tsallaka Gaya. Shekaru aka yi ana cin abinci a wannan hanya. Amma ku tuna abin da muka gani. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agustan 2019 ta rufe iyakokin, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville da Gaya, tireloli suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu. Duk wanda ya zuba jarinsa a mota yana jiran ya tsallaka da ita, a lokutan nan ya ga tasku. Saniya in an rufe iyaka tana ci gaba da kiwo, har ta haihu. Mota kuwa tana tsaye, kuɗin fili yana hawa, taya tana sacewa, batir yana mutuwa.

Akwai kuma maganar sitiyari. Wannan dai an yi sa'a, nata a hagu yake, irin waɗanda aka ƙera don kasuwar waje. Amma wadda aka yi don titin Ingila sitiyarinta a dama yake. Najeriya ta bar tuƙin hannun Ingila tun 2 ga Afrilun 1972, Gana ta bi a 1974, Benin da Nijar kuwa dama can hannun Faransa suke bi. Mota mai sitiyari a dama wahala ce wurin rajista, hatsari ce kuma wurin wuce babbar mota, don ba ka ganin abin da ke tahowa. Sannan ƙasashe suna da dokar da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, dokokin kuma suna canzawa. Kafin ka ba da ko dala, je ofishin kwastan ko duwan da ƙafarka ka tambaya. Zuwa da kai ya fi aike.

Wa zai saya daga hannunka?

Muka fita waje ni da yaron, muka tsaya a inuwa. Na ce, "Ɗana, mu ƙaddara ba tsatsa, mu ƙaddara takarda ta cika. Me za ka yi da ita?"

Tazarar cikinta da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Kwana ɗaya a hanyar ruga, salansa ta tafi. Ba ta ɗaukar rago, ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar mara lafiya da mai jinya. A naɗe rufi rana ta gasa ka, ƙurar hunturu ta cika maka ido. Notinanta na awon inci ne, bakaniken garinku kuwa sifanunsa na Toyota da Fijo ne. Kafireto biyun nan sai an daidaita su su yi numfashi tare, masu iya wannan a yau 'yan kaɗan ne. Injin an yi shi ne a zamanin wani irin fetur daban, balle a ce man kwalba za ka riƙa zuba mata, wanda nan ake kira kpayo. Abin da ya lalace kuma sai an yi odarsa daga Turai da kuɗin Yuro.

Ya ce ai ba hawa zai yi ba, Turawa zai jira.

Na ce to mu yi lissafi. Sefa a ɗaure take da Yuro, kusan sefa 656 ke yin Yuro ɗaya. Miliyan tara kenan ta kai kimanin Yuro 13,700. Ninki uku ya haura Yuro 41,000. Wane Bature ne zai bar irin wannan mota birjik a ƙasarsu, inda zai je da bakanikensa ya duba, ya hau jirgi ya zo Jonke ya biya wannan kuɗi, sannan ya sake biyan kwantena ya mayar da ita inda ta fito? Kuma masu sayen irin waɗannan motoci ba da ka suke saye ba. Akwai gidan tarihin motoci a Gaydon a Ingila da ke riƙe da littattafan masana'antar. In ka aika musu lambar mota ka biya, za su ba ka takardar ranar da aka ƙera ta, da launinta na asali, da ƙasar da aka fara kai ta. Mai saye zai nemi wannan, zai nemi hotunan gyara, zai zo da na'urar auna kaurin fenti. Abin da mayen ƙarfena ya gani, nasu ya fi shi gani.

Sai na yi masa tambayar da nake so kowa ya riƙe. Na ce, "In da gaske wata shida za ta ninka uku, me ya sa mai ita yake sauri ya sayar maka? Shi ba ya son riba ne?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, ni ko tuƙi ban gama iyawa ba."

Kun ga, a kasuwar shanu babu mai iya cutar yaron nan. Daga nesa zai gaya maka shekarun bijimi, ya gaya maka wannan Bunaji ne, wancan Gudali, wannan ya taɓa ciwon huhu. Amma da ya tsallako kasuwar da ba tasa ba, sai ya zama baƙo, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Yadda aka rabu

Muka koma ciki. Ban ɗaga murya ba, don faɗa ba ya dawo da kuɗi. Na ce wa dillalin, ni da kai sana'armu ɗaya, ka san abin da malamai suka karantar da mu, cewa aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da haja. Ya rantse shi ma haka ya karɓe ta, bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, Allah ne masani. Da yawa a cikinmu dillalai muna tallar abin da ba mu duba ba, don muna tsoron abin da za mu gani.

Aka kai maganar gaban dattawan Zango. Kwana uku ana zama. Matsalar ita ce yaron bai karɓi rasiɗi ba, ba shaida, ba a kuma yi sharaɗin cewa in an ga aibi kuɗi zai dawo ba. A ƙarshe aka yi sulhu, aka mayar masa jikka ɗari uku da hamsin, jikka ɗari da hamsin ta tafi. Ya ji zafi, ni ma na ji. Bijimai shida kuma sun riga sun tafi, ba za su dawo a farashin da aka sayar da su ba. Amma shanun mahaifiyarsa suna nan, na ƙannensa suna nan. Na raka shi tasha da kaina, ya ce zai mayar da kuɗin ya sayi 'yan maruƙa da karsana, in ya so nan gaba in yana son abin hawa, ya zo mu nemi tsohuwar a-kori-kura da za ta kai dusa ruga ta kawo nono kasuwa.

Kada a ce na ɓata motar

Ina so a fahimce ni. Ban ce tsohuwar motar Ingila banza ba ce. Mu da muka taso muka ga Landiroba da Bedford da tasi Morris, muka hau keke Rali, mun san Ingila ta yi ƙarfe. Ita ma wannan ja, wallahi da aka tayar da ita sai da raina ya yi fari. Tana da masu ita. Akwai mai kuɗin da zai saya don nishaɗi, ya fita da ita bakin teku ranar Lahadi. Akwai mai ba da haya ga 'yan biki da masu ɗaukar fim. Irin wannan mutum in ya san aibinta, ya saya a kan kuɗin aibinta, ya kawo mai walda na ƙwarai, to ya yi ciniki. Shi rarar kuɗinsa ya sa, in ta ci shi ba zai kwana da yunwa ba. Dokin sarki abin kallo ne, amma wanda ya sayar da jakinsa ya saye shi, da kansa zai ɗauki itace.

Don haka ga abin da nake roƙon ku riƙe, ko mota ce, ko babur, ko injin niƙa, ko injin ban-ruwa:

Kada ka ba da kafin alƙalami sai da rasiɗi da shaidu biyu, a kuma rubuta cewa in an ga aibi kuɗi zai dawo.

Ka zo da bakanikenka, wanda kai ka biya shi. Bakaniken mai haja na mai haja ne.

Ka duba da rana, a busasshen wuri, inji da sanyinsa. Ka kwanta ka leƙa ƙasa. In ka ga an hana ka ɗaga shimfiɗa ko sa jak, ka yi sallama.

Ka haɗa lambar jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi, ka tabbatar an biya duwan na ƙasar da za ka yi amfani da ita.

Ka san wanda zai saya daga hannunka tun kafin ka saya. In sunansa "wasu Turawa" ko "wani Alhaji", to babu shi.

Kuma kada ka taɓa dukiyar uwa da ta marayu a kan cinikin da ba ka iya ba.

Shekaranjiya na bi ta ƙofar garejin nan. Tana nan a rufe da tamfol, gefen jan fentinta yana leƙowa. An ce an rage mata kuɗi. In wani a cikinku ya ga hotonta a waya ransa ya biya, ya zo Jonke ya tambayi inda dillalai ke shan shayi bayan la'asar. Mayen ƙarfena yana aljihu, aronsa kyauta ne.

A gaida mutanen Gogounou da na Guéné, a gaida na Gaya da na Dosso, a gaida duk wanda ya kwana a bakin iyaka yana jiran a buɗe. Allah ya tsare mu da cinikin da-na-sani, ya sa albarka a garke da jari. Sai wani makon in muna da rabon ganawa.